Gaba Goma Sha Biyu

Warin ƙonanniyar roba ne ya tari Nehemiya tun daga bakin titin Sunkani, kafin ma ya sauka daga Keke Napep. Shekara talatin da huɗu yana aikin haɗa wutar lantarki a Jalingo, hancinsa ya san wannan wari kamar yadda ya san ƙamshin miyar gidansa. Ya sallami mai keke, ya gyara jakar kayan aiki a kafaɗarsa ta dama, ya nufi injin casar shinkafa na Madam Dokas yana jan ƙafa, shi da aka ce ya zo da gudu.

Injuna duk sun yi tsit. Matan da suka kawo shanshera suna zaune a kan buhunansu, kowace ta yi tagumi. Madam Dokas kuwa tana tsaye gaban akwatin wuta, ɗankwali ya zame mata har wuya, ba ta ma sani ba.

"Baban Keziah, zo ka gani da idonka!" in ji ta. "Da ban ja babban makunni ba, da yanzu buhunan dusar nan sun kama, da mu da injin duk mun zama toka."

Ya matsa. Manyan kebul biyu ne suka shiga akwatin kafaɗa da kafaɗa. Tsohon, wanda shi da kansa ya shimfiɗa shekara tara da suka wuce, yana nan da ƙurarsa, lafiya lau. Sabon kuwa, na sati uku, robarsa ta narke daga baki ta zubo baƙi ƙirin, har yanzu da sauran zafi.

"Ka gani ko? Naka na dā, shekara tara ko gezau. Na Imrana, sati uku! Jabu yaron nan ya sayar mana. Yau sai ya gane shayi ruwa ne."

Nehemiya ya sake duban narkakkiyar robar. Ya san abin da ya ƙona kebul ɗin nan sarai, kuma ba Imrana mai sayar da kebul ba ne.

Duk wanda ya san Nehemiya ya san ba ya riƙe tef ɗin awo. Awonsa irin na masu haƙar rijiya ne: ya kama waya da yatsun hagu, ya buɗe hannuwa iya buɗewa, inda yatsun dama suka tsaya, gaba guda ke nan. Gabansa mita ɗaya ne da santimita tamanin cif. An sha yin musu a kasuwa, a ɗauko tef a gwada, a tarar ko ƙwayar gero bai ƙaru ba. Shi kuwa sai ya kaɗa kai ya ce, "Naku na kanti ne, nawa Allah ya yi." Kai, mutumin nan ya sha jin daɗin wannan magana!

Sai shekara uku da suka wuce tsani ya zame da shi. Kafaɗar hagu ta goce, gwiwar hannu ta karye. Mai ɗori ya yi iya yinsa, ƙashi ya haɗu, amma hannun bai ƙara miƙewa sosai ba. Nehemiya ya koma sa manyan riguna masu faɗin hannu, kowa ya tambaya ya ce garau yake. Kuma abin bai taɓa ɓata masa aiki ba, domin da hannun da yake auna bango, da shi yake auna waya, gajere ya dace da gajere.

Aikin Madam Dokas ne ya zo daban. Ta sayo sabon injin cire tsakuwa da na goge shinkafa, tsohon kebul ba zai iya ɗaukar wutar shi kaɗai ba. Maimakon a tone shi, Nehemiya ya ce a jera masa wani su raba kayan, haka ake yi. Bai tsaya auna hanya ba. Me zai auna? Ga lambar nan a jikin bangon ɗakin janareta, inda ya karce da ƙusa shekara tara baya: goma sha biyu. Ya tafi shagon Imrana a kasuwa, ya ja gaba goma sha biyu daga kan dam, wato babban naɗin kebul. Imrana ya shimfiɗa tef don ya san abin da zai rubuta, ya ce, "Mita sha takwas, Baba."

Nehemiya ya ji. Ko daga barci aka tashe shi ya san gaba sha biyu mita ashirin da ɗaya ne da ɗoriya. Amma shagon cike yake da mutane, har da wasu samari biyu masu wayarin da suke kallonsa baki sake. Sai ya ce, "Yanka kawai."

Da ya zo shimfiɗawa, kebul ya ƙare a kusurwar sito, akwati yana can gaba. Ya daɗe tsaye yana kallon bakin kebul ɗin a hannunsa. Kebul in an yanka ba ya komawa kanti, kuma sayo wani yana nufin ya tsaya gaban Madam Dokas ya ce awonsa ya yi kuskure. Ina! Sai ya ɗauko guduma da kurfi, ya huda bangon sito, ya yanke kwana, kebul ya kai da ƙyar. Ya ce wa kansa ɗan bambanci ne. Alhali shi ne mai koya wa mutane cewa in an jera waya biyu, wuta ta fi zuba cikin gajeriyar, ita ce ke ɗaukar kaya fiye da rabonta har ta yi zafi.

Yanzu ga shi Madam Dokas ta sa an yanko ƙonannen bakin, ta naɗe a tsumma, ta tare keke. "Shiga mu je, Baban Keziah. A gabanka zan yi masa."

Ranar Juma'a ce, kasuwa ta cika. Imrana, mutum ɗan shekara talatin da 'yan kai, siriri, mai sanyin magana, yana jera ƙwayayen fitila lokacin da ƙonannen kebul ya faɗo kan teburinsa. Madam Dokas ta buɗe murya. Ta kira shi mai jabu, ta kira shi mai neman ran mutane, ta ce jan ƙarfensa gauraye ne. Kafin ka ce kwabo layin masu kayan wuta ya taru a ƙofar shagon.

Imrana bai ɗaga murya ba. Ya juyo wajen Nehemiya, fuskarsa har da ɗan murmushin wanda ya ga mai cetonsa. "Baba, kai ka zaɓi dam ɗin nan da hannunka. Ka kankare shi da wuƙa ka duba. Shekara shida kana sayayya a wurina. Faɗa mata."

Idanu suka dawo kan Nehemiya. Ya kalli kebul, ya kalli silin, ya ɗan ɗaga kafaɗarsa mai lafiya.

"To," in ji shi, "kayan yanzu sai Allah."

Shi ke nan abin da ya faɗa. Bai ce jabu ne ba, yana ta nanata wa kansa hakan a hanyar gida, bai ce ba. Amma magana ce daga bakin dattijon da duk layin ke jin maganarsa, kuma ta isa. Kafin la'asar Alhaji Salihu, shugaban ƙungiyar masu sayar da kayan wuta, ya sa kwaɗon ƙungiya a ƙofar shagon, ya ce ranar Litinin da safe za a zauna. In ta tabbata jabu ne, Imrana ya bar layin har abada.

Ranar Lahadi Nehemiya ya je sujada, ya zauna a kujerar dattawa kamar kullum, amma ko baiti ɗaya na waƙa bai rera ba. A bakin ƙofa mutane suna ta yi masa sannu da tsallake gobara, wata tsohuwa har ta ce Allah ya saka masa, ana so a ɓata masa aiki da kayan banza. Ya ce amin. Wallahi ya ce amin, da bakinsa.

Da rana 'yarsa Keziah ta zo gidan a Kachalla Sembe kamar yadda ta saba. Injiniya ce, tana aiki da wani kamfanin sa wutar sola, kuma a hannunsa ta fara sanin bambancin waya mai rai da marar rai. Suka zauna ƙarƙashin mangwaro. Ta cinye tuwonta, nasa yana nan ya ɗan gutsura gefe.

"Keziah," in ji shi, yana wasa da cokalin miya, "littafin nan naku na dokar wayarin. Me ya ce a kan kebul biyu da aka jera su raba kaya?"

"Kauri ɗaya, ƙarfe iri ɗaya, tsawo ɗaya. Baba, kai ka koya mini kafin in ga littafin."

"Na sani. Amma tsawo ɗayan nan, ai aikin hannu ba ya rasa ɗan bambanci. Nawa doka ta yarda da shi?"

"Ba ta ba da lamba ba. Ɗaya ta ce, ta yi shiru. Mu dai a wurin aiki mukan kau da kai in bai wuce uku cikin ɗari ba. Wasu su kai biyar, ni ba na kaiwa."

"In kuma, a ce, mita uku da rabi ne cikin ashirin da ɗaya da ɗan wani abu?"

Ta ɗaga ido sama tana lissafi, sai ta kwashe da dariya. "Tabɗi! Wannan ai ya kusa sha bakwai cikin ɗari. Wane ɗan koyo ne ya yi wannan ɗanyen aiki? A ƙwace filayarsa!"

Bai yi dariya ba. Ita ma tata ta tsaya a rabi. Ta dube shi, ta dubi hannun hagun da ke kwance a cinyarsa a lanƙwashe, ta daɗe tana dubansa kamar yau ta fara ganinsa. Labarin injin Madam Dokas kuwa babu wanda bai ji ba a coci.

"Gobe ne za a zauna a kan Imrana ko?" ta tambaya a hankali.

"Gobe."

Ta tattara kwanuka, ta kai ciki, ta daɗe ba ta fito ba. Da ta fito jakarta na rataye. Ta durƙusa gefen kujerarsa kamar yadda take yi tun tana ƙarama, ba ta kalli fuskarsa ba.

"Ba zan faɗa wa kowa ba, Baba."

Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Yarinyar da ya taɓa hana abincin rana saboda ta yi ƙarya a kan fensir, yau ita ce take yi masa alkawarin riƙe ƙarya, don tana ƙaunarsa. Kunya ta rufe shi tun daga ka har tafin ƙafa. Yana ji ta ja ƙofar gida ta rufe.

Litinin da hantsi aka jera benci a gaban rufaffen shagon. Alhaji Salihu a tsakiya da carbinsa, Madam Dokas a gefe ta harɗe hannuwa, 'yan layi sun yi da'ira, har masu dako sun ajiye amalanke sun tsaya kallo. Imrana yana tsaye jikin ƙofarsa. Kwana uku kacal, amma rigarsa ta yi masa yawa.

Alhaji Salihu ya miƙa wa Nehemiya ƙonannen kebul. "Malam Nehemiya, a cikinmu babu wanda ya kai ka sanin waya. Duba mana tsakani da Allah. Abin da ka ce, shi za mu yi."

Nehemiya bai karɓa ba. Ya miƙe tsaye.

"Kebul ɗin ba shi da laifi," in ji shi. Muryar ta fito siririya, ya yi gyaran murya ya sake. "Jan ƙarfe ne mai kyau. Ni na yanke shi gajere. Ya gaza tsohon da mita uku da rabi, na huda bango na yanke hanya. Shi ya sa ya kwashi wutar ya ƙone."

Sai guna-guni ya tashi. Amma ba irin wanda ya shirya wa ba.

"Allah sarki, Baba!" in ji wani daga baya. "So yake ya rufa wa yaron asiri."

"Mutumin kirki ke nan," in ji wani. "Irin su sun ƙare."

Madam Dokas ta tafa hannu. "Haba, Baban Keziah! Kirki ma ai yana da iyaka. Kai za ka yi kuskuren awo? Kai?"

Alhaji Salihu ya yi murmushi, ya ɗaga hannu aka natsu. "Don Allah, Malam Nehemiya, zauna. Gabanka duk Jalingo an san shi, ni kaina na taɓa gwada shi da tef. Mun ga zuciyarka, Allah ya ba ka lada. Amma kada ka ɗauki kayan wani ka ɗora wa kanka."

To fa. Ga ƙofa an buɗe masa, har da shimfiɗa. Ya faɗi gaskiya, an ƙi karɓa, laifin wa? Zai iya zama yanzu, sunansa ya fi na jiya tsawo, ya je gida ya ce wa Keziah ya faɗa. Har ya ji bencin yana taɓa bayan gwiwarsa. Sai ya dubi Imrana. Shi kaɗai ne a wurin ba ya murmushi, ba ya guna-guni. Kallon Nehemiya yake, kallon mutumin da ya fara tuna wata lamba.

Nehemiya ya sa hannun dama ya kama wuyan babbar rigarsa, ya ja ta ta kansa, ya yar a kan benci. Ya tsaya daga shi sai singileti a tsakiyar kasuwa, dattijon coci, mai jikoki huɗu.

"A ba Imrana tef."

Wani ya miƙa. Nehemiya ya buɗe hannuwansa. Na dama ya tafi sak. Na hagu ya tashi rabi ya tsaya, kafaɗar ta noƙe, gwiwar ta ƙi miƙewa, tsokar duk ta zube. Ya cije ya ƙara turawa har gumi ya keto masa, hannun bai ƙara ko ɗan yatsa ba. Wata mata ta ce, "Wayyo."

Imrana ya matso. Ya ɗora bakin tef a kan yatsan hagu, ya ja ta ƙirjin tsohon har yatsan dama. Ya duba, ya sake dubawa.

"Mita ɗaya da rabi."

"Ɗaga murya," in ji Nehemiya.

"Mita ɗaya da rabi!"

'Yan layin kayan wuta ba sa buƙatar takarda don su ninka wannan sau goma sha biyu. Ana gani lissafin yana sauka a fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ce irin su sun ƙare ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa. Madam Dokas ta rufe baki da tafin hannu, ta dubi Imrana, ta kasa haɗa ido da shi. Alhaji Salihu ya miƙe. Ya laluba aljihu, ya ciro mabuɗi, ya je da kansa ya cire kwaɗon.

Imrana bai juya ya kalli ƙofar ba. Yana nan tsaye dab da Nehemiya, tef a hannu, ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda su biyu kaɗai za su ji.

"Baba, yaushe ka gane?"

Jiya, in ji wata murya a cikin kansa. Ka ce jiya, da 'yarka ta yi maka lissafi. Ko ƙarya ba ce sosai ba.

"Tun ranar da ka ce mini sha takwas."

"Ranar Juma'a fa? Da na ce ka faɗa mata?"

"Na sani."

Imrana ya gyaɗa kai a hankali. Ya saki tef ɗin ya naɗe kansa. "Ranar Asabar ɗiyata ta dawo daga Islamiyya tana kuka," in ji shi. "An ce mata ubanta ɓarawo ne." Ya dubi hannuwan Nehemiya. "Sauke hannun, Baba. Zai yi maka ciwo."

Sai a lokacin Nehemiya ya lura har yanzu hannuwansa a buɗe suke. Ya sauke. Ya tsaya yana jiran zagi, yana ma roƙonsa a zuci, amma Imrana ya wuce ya tura ƙofar shagonsa ya shige. Mutane suka fara watsewa, kowa ya tuna yana da abin yi.

Ya ɗauki rigarsa daga kan benci. Ya zura kai, ya zura hannun dama. Na hagun ne ya ƙi. Shekara uku ke nan matarsa ce take riƙe masa hannun rigar kowace safiya a cikin ɗaki, ƙofa a rufe. Ya gwada, rigar ta naɗe a kafaɗa. Ya sake gwadawa, ta rufe masa fuska. Waɗanda suka rage suka kau da kai, babu wanda ya san ko taimako zai fi ciwo ko bari.

Sai ya ji an kama rigar daga baya, an sassauta ta, an ɗaga masa gwiwar hannu a hankali an zura ta inda ya kamata. Da kan Nehemiya ya fito daga wuyan rigar, sai ya ga Imrana ne. Ya gyara masa kafaɗar, ya ja gefen rigar ya daidaita, duk bai dubi fuskarsa ba. Sannan ya koma cikin shago, ya ɗauko tsintsiya, ya fara share ƙurar kwana uku daga bakin ƙofa. Nehemiya ya matsa gefe don kada ya tare masa hanya.